Kofi Biyar Mun Ci, Amma Ina Yaran Su Ke?

Cikin watan Nuwamba na 2025 aka yi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta samari 'yan ƙasa da shekara 17 a ƙasar Katar. Ƙasashe 48 suka hallara, goma daga cikinsu na Afirka, har da Uganda wadda ba ta taɓa leƙa wannan taro ba sai a wannan karo. Amma Nijeriya, wadda ta fi kowace ƙasa a duniya cin wannan kofi, ba ta cikinsu. Ba wannan ne na fari ba kuwa. Ba a ga yaranmu a Indiya a 2017 ba, ba a kuma gan su a Indunusiya a 2023 ba.

Wanda duk ya saba zama gidajen kallon ƙwallo na Samaru da Sabon Gari ya san irin gardamar da wannan al'amari ke tayarwa. Wasu su ce laifin mai horarwa ne, wasu su ce na hukuma ne, wasu kuma su ce ai yaran yanzu ba su da ƙashin na da. Mu dai a ganinmu, kafin a raba laifi ya kamata a buɗe littafin ƙungiyar nan tun daga shafin farko, a duba abin da ta ci, sa'an nan a tambayi abin da cin ya haifar. Domin a cikin amsar akwai rabon da ya faɗa a kan malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, ko da su kansu ba su taɓa buga tamaula ba.

Yadda Aka Faro

A 1985 ne Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, watau FIFA, ta fara shirya wannan gasa a ƙasar Sin. A sa'an nan ta 'yan ƙasa da shekara 16 ce, sai a 1991 aka ɗaga ta zuwa 17. Ƙasashe 16 suka shiga. Yaranmu suka tafi ba wanda ya damu da su, a ƙarƙashin mai horarwa Sebastian Brodrick, da Nduka Ugbade a matsayin kyaftin. Ran 11 ga Agusta suka gamu da Jamus ta Yamma a wasan ƙarshe a birnin Beijing, suka ba ta biyu ba ko ɗaya. Jonathan Akpoborie da Victor Igbinoba suka jefa ƙwallayen. Wannan shi ne karo na farko da wata ƙasar Afirka ta ɗauki kofin duniya na FIFA, kowane iri. Da suka komo gida Shugaban Ƙasa na lokacin, Janar Muhammadu Buhari, ya raɗa musu suna Golden Eaglets, watau 'yan tsakin mikiya na zinariya, sunan da ya bi su har yau.

A 1987 a Kanada suka sake kaiwa wasan ƙarshe, aka tashi ɗaya da ɗaya da Tarayyar Sobiyat, suka faɗi a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 1993 a Japan, ƙarƙashin Fanny Amun, suka doke Gana biyu da ɗaya a birnin Tokyo. A 2001 Faransa ta ba su uku ba ko ɗaya a wasan ƙarshe a Tirinidad da Tobago. A 2007 a Koriya ta Kudu suka yi canjaras da Sifen, babu ci, suka ɗauke kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Mai horar da su, Yemi Tella, yana fama da ciwo ya yi wannan aiki, bai kuwa cika wata biyu da komowa ba ya rasu. A 2009, a nan gida, Suwizalan ta ƙwace kofin a Abuja da ci ɗaya tak. A 2013 a Abu Dabi, ƙarƙashin Manu Garba mutumin Gombe, da Musa Muhammed ɗan Kano yana kyaftin, suka lallasa Meksiko uku ba ko ɗaya. A 2015 a ƙasar Cile, ƙarƙashin Emmanuel Amuneke, suka ci Mali biyu ba ko ɗaya.

Watau wasan ƙarshe takwas, kofi biyar. Birazil da ke bin mu a baya tana da huɗu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba mu cikin masu son a shafe shi da baki. Wanda ya ga yadda gari ke kacamewa da murna a irin waɗannan darare, Bahaushe da Ibo da Bayarabe a kan benci ɗaya a Sabon Gari suna ihu da murya ɗaya, ya san ƙungiyar nan ta yi wa ƙasa wani aiki da 'yan siyasa suka daɗe suna nema.

To, amma ga tambaya. Babbar ƙungiyarmu, Super Eagles, ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar duniya ta manya ba. Ta kai can a 1994 da 1998 da 2014, nan ta tsaya, a 2022 ma ba ta samu zuwa ba. Yaya ƙasar da yaranta suka fi na kowa za ta zama manyanta ba su fi na kowa ba?

Gonar Gwaji

Mutanen Samaru ba su bukatar dogon bayani a kan wannan. Tun 1922 a ke gwajin iri a nan, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da auduga da wake waɗanda a ke shukawa ko'ina a Arewa. Ba a taɓa jin malamin gona ya yi alfahari da cewa fegin gwajinsa ya fi na kowa tsawon kara ba. Abin da ya ke jira shi ne ya ga irin ya shiga gonar manomi ya cika rumbu. Gasar yara fegin gwaji ce. Kofinta shaida ce kawai, amfaninta kuwa sai bayan shekara biyar ko goma a ke ganinsa.

In muka auna da wannan mudu, 'yan 1993 su ne suka fi cika rumbu. Daga cikinsu aka sami Nwankwo Kanu da Wilson Oruma da Celestine Babayaro da Mobi Oparaku, kuma shekara uku kacal bayan Tokyo duk su huɗu suna cikin ƙungiyar da ta ci lambar zinariya a wasannin Olimfik na Atlanta a 1996, bayan ta kayar da Birazil huɗu da uku, da Ajantina uku da biyu. Kanu ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka sau biyu, a 1996 da 1999. Ya kamata mutanen ƙasar Zazzau su tuna da wani abu game da ƙungiyar Atlanta: Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro da wansa Emmanuel duk 'yan Kaduna ne, mil 50 daga nan. Biyu daga cikin ƙwallaye ukun da aka jefa wa Ajantina, Babayaro da Amokachi suka jefa su. Ƙanen Tijjani kuma, Ibrahim Babangida, yana cikin 'yan 1993. Saboda haka in wani ya ce maka ƙwallo ba gadon wannan yanki ba ne, ka lasafta masa waɗannan sunaye.

Sauran shekarun fa? Philip Osondu shi aka zaɓa gwanin gwanaye a 1987, kulob ɗin Anderlecht na Beljiyam ya ɗauke shi, amma bai yi nisa ba. Macauley Chrisantus ya fi kowa jefa ƙwallo a 2007, guda bakwai, ya tafi Hamburg, bai kuwa sami gindin zama a Super Eagles ba. A wannan shekara yaranmu sun fitar da Jamus a wasan kusa da ƙarshe, alhali a cikin Jamusawan akwai wani yaro Toni Kroos, wanda bayan shekara bakwai ya ɗaga kofin duniya na manya.

Gasar 2009 ta fi kowace koyarwa, domin a gaban idonmu aka yi ta, har da filayen Kaduna da Kano da Bauchi. Birazil ta zo da Neymar da Coutinho da Casemiro da mai tsaron gida Alisson, aka kore ta tun a zagayen farko. Ba wanda ya ce a gidansu an yi hasara, don kowa ya ga abin da yaran nan huɗu suka zama. Jamus ta zo da Mario Götze, wanda ya jefa ƙwallon da ta ba ƙasarsa kofin duniya a 2014. Suwizalan da ta ci mu ta riƙe Granit Xhaka da Ricardo Rodríguez da Haris Seferović, ta kai su gasar duniya ta manya sau uku a jere, 2014 da 2018 da 2022. Mu ma ba mu tashi hannu wofi ba, don Kenneth Omeruo da Ogenyi Onazi sun fito daga wannan ƙungiya sun ci kofin Afirka a 2013. Amma Sani Emmanuel, wanda aka ba kyautar gwanin gasar baki ɗaya, cikin 'yan shekaru labarinsa ya ɓace.

Adalci ya sa mu faɗi cewa ba Nijeriya kaɗai ke da yaron da ya haskaka sa'an nan ya dushe ba. Ko'ina akwai su. Kuma kowane yaro da irin ƙaddararsa. Femi Opabunmi, tauraron 2001, har ya buga gasar duniya ta manya a 2002, ciwon ido ne ya raba shi da fili. Wani rauni ne ya karya shi, wani dillali ne ya kai shi ƙasar da ba ya jin harshenta ya bar shi a can. Ba mu ɗora wa ko ɗaya daga cikin waɗanda muka ambata wani zargi ba. Amma akwai wata magana da ta daɗe tana bin ƙungiyoyin samarinmu kamar inuwa, ba kuwa za mu yi kamar ba mu san da ita ba.

Maganar Shekaru

A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin samari har shekara biyu, ta kuma karɓe izinin da ta ba mu na ɗaukar baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 1991, aka kai ta Fotugal. Dalili kuwa shi ne an sami 'yan wasa uku waɗanda ranar haihuwar da aka rubuta musu a Olimfik na 1988 ta saɓa da wadda aka rubuta musu a gasannin baya. Ku lura da kyau, ya ku ma'abuta alƙalami: ba likita ne ya kama mu ba, akawu ne. Wani ne ya ajiye takardu biyu gefe da gefe ya ga ba su yi daidai ba.

Daga 2009 FIFA ta shigo da awon ƙashi da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da a ke kira MRI. Ga yadda abin ya ke. A wuyan hannun yaro, a ƙarshen dogon ƙashin damtse na ƙasa, akwai ɗan guringuntsi inda ƙashin ke ƙara tsawo. Muddin yaro yana girma wurin a buɗe ya ke. In ya gama girma sai guringuntsin ya rikiɗe ya zama ƙashi, ya haɗe. Likitoci sun kasa wannan haɗewa mataki shida, wanda duk aka samu a mataki na shida sai a ɗauka ya wuce 17, a sallame shi. Da aka yi wannan awo kafin gasar 2009 sai da aka sauke yara da dama daga sansaninmu. A 2016 kuma fiye da 20 suka faɗi awon ana gab da karawa da Nijar. Ragowar suka ci ɗaya ba ko ɗaya a Abuja, aka je Yamai aka ba su uku da ɗaya. Haka masu riƙe da kofin duniya suka zauna gida, maƙwabciyarmu ta wuce.

Ba mu kaɗai ba ne. An hukunta Gini a 2019 saboda takardun shekaru, Senegal ta maye gurbinta a gasar duniya. Kamaru ma ta auna yara 30, 21 suka faɗi. Amma ciwon maƙwabci ba ya warkar da naka.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne wannan. Kofin 2013 da na 2015 duk bayan shigowar na'urar aka ci su, kuma su ne, in aka ɗebe na 1993, suka fi ba da 'ya'ya. Daga 2013 aka sami Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi. Daga 2015 aka sami Samuel Chukwueze da Victor Osimhen, wanda ya jefa ƙwallo goma a gasar, abin da ba a taɓa yi ba kafinsa. Osimhen bai tashi sama nan take ba. Ya tafi Wolfsburg ta Jamus a 2017 ya sha wuya, aka ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam, daga nan Lille, daga nan Napoli, inda ya fi kowa jefa ƙwallo a Italiya a kakar 2022 zuwa 2023, ya zama gwarzon Afirka a 2023. Shekara takwas ke nan tsakanin Cile da wannan kambi. Wanda ya riga ya gama girma tun ran da aka ce yaro ne ba shi da shekara takwas ɗin da zai yi wannan tafiya. Ashe tace yara bai rage mana ƙarfi ba, ƙara mana ya yi.

Sai dai kada a ɗauki na'ura tamkar alƙali marar kuskure. Ba shekaru ta ke ƙirgawa ba, ƙashi ta ke dubawa. Akwai yaron da ƙashinsa ke haɗewa da wuri alhali shekarunsa na gaskiya 16, sai a kore shi a kan laifin da bai yi ba. Akwai kuma ɗan 19 da nasa bai gama haɗewa ba, sai ya wuce. An koma ga ƙashi ne don an rasa takardar da za a amince da ita. Yaron Suwizalan ba ya bukatar a haska hannunsa kafin a yarda da shi, don tun ran da aka haife shi aka rubuta.

Wa a ke cuta in an rage shekaru? Mutane su kan ɗauka Turawa a ke yi wa wayo. A'a. Wanda a ke cuta shi ne yaron Hayin Dogo ko Muciya ko Cikaji mai shekara 15 na gaskiya, wanda ya je wurin zaɓe aka jera shi da mai shekara 21. Mai horarwa yana son ya ci wasan gobe don kada a sallame shi, sai ya ɗauki ƙaton, ya ce wa ƙaramin ya je ya ƙara cin tuwo. Ƙaramin ya koma gida ya yanke ƙauna, ko kuwa ya koyi darasi: ya jira sai ya kai 20, sa'an nan shi ma ya je kotu ya yi rantsuwa cewa 15 ya ke. Ƙaton kuwa, sa'ad da takarda ke cewa ya kai ganiyarsa, gwiwarsa ta riga ta fara ba shi labari. An yi hasarar mutum biyu don a sami kofi ɗaya.

Littafin Haihuwa

Mu Hausawa mun saba lissafin shekaru da abin da ya auku. Wance an haife ta shekarar zuwan Sarauniya, wane shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, wane kuma shekarar canjin kuɗi. Wannan ya ishi zaman gida, bai ishi zaman duniya ba. Tsofaffin ma'aikatan En'e kuma za su tuna cewa rage wa yaro shekaru ba a filin ƙwallo aka fara shi ba. A zamanin haraji, kafin gwamnatocin Kaduna da Kano su soke shi a 1979, uba ya kan so a ce ɗansa bai isa ba tukuna don kada sunansa ya shiga littafi. Yau ma'aikaci ya kan rage don ya jinkirta ritaya, mai neman aiki ya rage don ya shiga ƙa'ida. Ɗan ƙwallo abin da ya tarar a gari ya ke yi.

Doka kuwa tana nan. Tun 1992 aka wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, aka danƙa aikin ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, aka ce a rubuta kowane jariri cikin kwana 60. Amma binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kaɗai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Sauran, in bukata ta taso, takardar rantsuwa a ke nema musu, wadda a ke rubuta abin da mai rantsuwar ya faɗa.

Abin mamaki a nan shi ne babu al'ummar da ta fi mu sanin ranar haihuwa a lokacin da aka yi ta. Kwana bakwai a ke yi a taru, liman ya raɗa suna, a yanka rago, a raba goro, mai unguwa yana zaune, ungozoma da wanzami duk sun sani. Shaidu sun fi hamsin. Alƙalami kaɗai ne babu. Samaru da Sabon Gari duk ƙaramar hukuma ɗaya ce. Da za a ce kowane mai unguwa daga Dogarawa zuwa Bomo yana kai sunayen jariran da aka raɗa wa suna a unguwarsa ga ofishin rajista kowane wata, da nan da shekara 15 babu yaron yankin nan da zai bukaci na'ura ta yi masa shaida. Amfanin kuwa ba na ƙwallo kaɗai ba ne, har da rigakafi da gado da aure da ɗaukar aiki.

Shaida ta biyu tana cikin akwatin hedimasta. Ranar da aka rubuta wa yaro sa'ad da ya shiga aji ɗaya na firamare ta fi kowace rantsuwa ƙarfi, domin a ran nan ba wanda ya san zai zama ɗan ƙwallo, ba wanda ke da ribar yin ƙarya. In wannan rana ta bi shi ba canji zuwa ƙaramar sakandare, ta bi shi zuwa jarrabawar fita, to, an sami sarƙar da ba ta tsinkewa. Malamin da ya bar wannan gurbi a rajista babu komai, ko ya cika shi da ka, ko ya yarda aka kankare aka sake don wani ya roƙe shi, ya sani hannunsa na cikin abin da ya faru a Yamai.

Ina Filayen Makaranta?

Ƙwallo ta shigo ƙasar nan ta hanya uku: makaranta, da bariki, da jirgin ƙasa. Zariya kuwa ta haɗa duka ukun. Hanyar jirgi ta ratsa ta ta isa Kano a 1911, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, barikin horar da sojoji yana nan, Kwalejin Barewa ta komo nan a 1949, ga Alhudahuda, ga Kufena a Wusasa, ga Makarantar Soja ta yara, Jami'a kuma ta buɗe a Samaru a 1962. Da wuya a sami gari a Arewa mai yawan filayen makaranta kamar wannan. Tun 1953 ma ƙungiyar Kano ta nuna Arewa ba 'yar kallo ba ce, sa'ad da ta ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa daga hannun ƙungiyoyin Ikko.

A da daga makarantu a ke tsamo samari. Akwai gasar sakandare, akwai ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa da a ke kira Academicals mai karawa da takwararta ta Gana, daga baya ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON ta riƙa shirya gasanni irin su Kofin Ramat a Kano. Wannan tsari yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: yaro yana wasa ne da sunan makarantarsa, abokan hamayya sun san ajinsa, malaminsu ya san malaminsa. Ƙarya ba ta da wurin ɓuya. Yau galibin yaran Eaglets daga makarantun koyon ƙwallo masu zaman kansu su ke fitowa. Wasunsu na kirki ne ƙwarai, daga irinsu Osimhen da Iheanacho suka fito. Amma wasu ba su da aji, ba su da rajista, ba su da komai sai mai gida da wayarsa. Ribarsa tana ga sayar da yaro waje. Tun da dokar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, kuma masu saye sun fi biyan kuɗi a kan ƙarami, to, kowa ya ga inda sha'awarsa ta karkata game da abin da za a rubuta a fasfo.

Akwai wani ɗan Zariya da labarinsa ya isa abin tunani. An haifi Shola Ameobi a nan a 1981, iyayensa suka tafi da shi Ingila yana ɗan shekara biyar. Bai taɓa sa rigar Eaglets ba. Ya taso a makarantar kulob ɗin Newcastle, mataki bayan mataki, ya buga wa samarin Ingila, ya yi shekara 14 a babbar ƙungiyar kulob ɗin, sa'an nan ya buga wa Nijeriya gasar duniya ta 2014 yana da shekara 32. Ba a ce ya fi yaran da aka haifa tare da shi a Samaru baiwa ba. Abin da ya samu shi ne fili, da malami, da takardar da ba a yi mata gardama.

Ba sai an jira Abuja ba kafin a fara gyara. Jami'ar Ahmadu Bello tana horar da malaman wasanni da motsa jiki, ɗalibanta kuma kullum suna neman makarantun da za su yi gwajin koyarwa. Gasar makarantun firamare da ƙananan sakandare ta ƙaramar hukumar Sabon Gari, wadda za a yi kowace shekara ba fashi, aji da aji, ba a karɓar yaro sai da takardar haihuwa da shafin rajistar makarantarsa, ba za ta ci kuɗin da bikin raba kyauta guda ɗaya ke ci ba. Sharaɗin takardar ma kaɗai ya isa ya tura iyaye ofishin rajista, domin yaron da aka hana buga ƙwallo ba zai bar ubansa ya yi barci ba. Sai dai a yi hattara da filayen kansu. Duk inda aka yanka filin makaranta aka yi shaguna, an rufe ƙofar da ba za ta sake buɗuwa ba. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ma ta komo kan wannan hanya, don tun 2022 ta kafa gasar makarantu ta nahiya.

Ga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya kuwa, shawararmu ɗaya ce. A daina auna mai horar da Eaglets da kofi. Muddin ya san in bai ci ba za a kore shi, zai nemi ƙato. A auna shi da yawan yaransa da suka kai ƙungiyar 'yan ƙasa da 20, da waɗanda suka kai Super Eagles. Nduka Ugbade, wanda ya ɗaga kofin farko, shi ne ya jagoranci yaran da Burkina Faso ta fitar a Aljeriya a 2023, aka yi ta yi masa surutu. Hukuncin gaskiya a kan aikinsa bai yi ba tukuna, sai an ga inda yaran nan suka kai sa'ad da suka cika 23.

FIFA ta mayar da gasar nan ta kowace shekara, kuma Katar ce za ta riƙa ɗaukar baƙuncinta har 2029. Yaron da zai cancanci buga ta 2029 sai wanda aka haifa daga ran 1 ga Janairu 2012 zuwa gaba. Watau yanzu haka yana ƙaramar sakandare ko ƙarshen firamare, mai yiwuwa a Samaru, mai yiwuwa a Palladan ko Jushi, kuma akwai malamin da ke kiran sunansa kowace safiya. Malamin nan ya buɗe rajista ya duba ko an cika gurbin ranar haihuwa.